Jirgin ruwa mai tafiya da iska: a bar shi a Legas ko a kawo shi Kainji?

Ɗan Yawuri:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na yi ritaya bana, sai wani tsohon abokin aikina a Legas ya yi mini tallar jirgin ruwa na hannu, irin mai doguwar sanda da ƙyallen da iska ke turawa, tsawonsa mita 9, da ɗakin kwana da ƙaramin injin dizal. A bakin Kwara na tashi, na iya kwale-kwale tun ina yaro, amma ban taɓa fita teku ba. Burina shi ne in riƙa bin gaɓa daga Legas zuwa Kwatano. Shin in saya in bar shi can, ko in ɗoro shi a tirela zuwa tafkin Kainji?

Tsohon matuƙi, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Tafiyar da ka zaɓa ba ta ɗan koyo ba ce. Tsakanin Legas da Kwatano akwai kimanin mil 60 na teku, kowane mil mita 1,852, kuma jirgi irin wannan mil 5 yake ci a awa, wato awa 12 a lissafin takarda. Sai dai a mafi yawan shekara iska daga kudu maso yamma take busowa, ruwan kuma gabas yake gangarawa, don haka mai nufin yamma da su biyun yake kokawa; dole ya yi ta karkata dama da hagu, har dare ya riske shi a hanya. Gaɓar kuwa rairayi ce miƙaƙƙiya mai fasa igiyar ruwa, babu lungun da za ka fake idan hadari ya taso. Da hunturu iska takan lafa, amma hazo yakan ɓoye manyan jiragen da ke jiran shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa. Ga batun kwastan da shige da fice, ga 'yan fashin teku. Shawarata, ka fara zuwa ƙungiyar masu irin waɗannan jirage ta Legas, wadda ke nan tun 1932, ka bi jirgin wani na 'yan watanni kafin ka fitar da ko sisi.

Basarke daga Ngaski:
Baba, a gafarce ni, kada a kawo shi nan. Wannan jirgi yana da ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashinsa wanda ke hana shi kifewa, kuma ƙarfen yakan nutse kusan mita ɗaya da rabi. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a ƙasa, kuma idan ruwa ya janye kafin cikowar damina sukan matso kusa da sama. Mu da muka san wurarensu ma da lura muke wucewa. Idan tafki kake so, ka nemi ƙarami, wanda ake ɗaga katakon ƙasansa a ja shi tudu, ka yi masa rajista da NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, kuma kowa ya sa rigar hana nutsewa. Ba mu manta da hatsarin jirgin ruwan da ya nutse a Wara a watan Mayun 2021 ba.

Makanike, Jega:
Alhaji, kuɗin saye shi ne ƙaramin kuɗi. Gishiri yana cin ƙarfe da waya, kusan kowace shekara sai an fito da jirgin tudu an kankare ƙasansa an shafa fenti na musamman, ga kuɗin wurin ɗaurewa da na mai gadi, alhali kai kana Yawuri. Kafin ciniki, a fito da shi daga ruwa ka ga cikinsa da idonka, a duba wayoyin da ke riƙe da sandar, a kuma tayar da injin da sanyin safiya a gabanka.

Ɗan Yawuri:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na dakatar da cinikin, zan je Legas bayan Sallah in fara bin na wasu. Ɗana na Ngaski, ƙaramin da ka ambata, maƙeran jirginmu na Yawuri za su iya sassaƙa irinsa idan na kawo musu zane?