Takarda, Aiki da Asibiti: Abin da Muka Gani a Legas

Baban Hafsa, Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa gudun hijira, ko ya sauke ɗan gudun hijira a nan Legas, ya faɗi abin da ya gani wajen neman aiki da zuwa asibiti. Dalilina shi ne wani bawan Allah da ya tsere daga unguwar PK5 ta Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a rikicin 2014. Hausarsa ba ta da gyara, kuma ƙwararren ma'aikacin jinya ne, amma har yau keken ɗinki yake takawa a shagona, domin duk inda ya miƙa takardunsa na Faransanci sai a juya su a mayar masa. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ɗan Gwoza, Mile 12:
Wa alaikumus salam, Baba. Na baro Gwoza a watan Agustan 2014 daga ni sai rigar jikina. A doka ni ba ɗan gudun hijira ba ne, tunda ban ƙetare iyaka ba, amma yunwa ba ta tambayi wannan bambanci ba. Acaba ne ya riƙe ni da iyalina har watan Yunin 2022, lokacin da aka hana shi a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Apapa. Yanzu dakon kwandunan tumatir nake yi, kuma idan bayana ya riƙe, kemis nake zuwa, domin yini guda a layin asibiti yana nufin ba a ɗora tukunya ba.

Maman Khadija, Idi-Araba:
Baban Hafsa, sannu da ƙoƙari. Na taɓa raka maƙwabciyata, 'yar Kamaru da rikicin yankin masu magana da Ingilishi ya koro bayan 2017, zuwa awon ciki a wani asibiti. Ta fito da katinta na Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Ƙasa, tana riƙe da shi hannu biyu, sai mai yanka kati ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Muka zauna a benci tun hantsi har azahar kafin wata babbar nas ta sa baki. Ban zarge shi da mugunta ba, sai dai Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 da ta ba 'yan gudun hijira haƙƙin aiki da kulawa, kuma ya kamata labarin ya isa teburin mai yanka kati. Shawarata ita ce baƙonka ya nemi fassarar takardunsa, ya kai su Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma, domin ita ke ba da lasisi. Ɗan Gwoza kuma ya bincika inshorar lafiya ta jihar Legas mai suna Ilera Eko.

Baban Hafsa, Agege:
Na gode, Hajiya. Na karanta masa saƙonki ya yi shiru, sannan ya ɗauko takardun daga ledar da yake ɓoye su a ƙarƙashin keken. Ranar Litinin, in Allah ya kai mu, zan rufe shago mu tafi neman mai fassara tare.