Neman shawara: wuyan suwaitar da na fara da kwarashin Tunisiya ya ƙi shiga kai

Sabuwar Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu saƙa. Don Allah ku taimaka min kafin in ajiye kwarashin nan gaba ɗaya.

Na daɗe ina saƙar kwarashi ta yau da kullum, amma irin ta Tunisiya, wadda ake tara idanu, wato madaukan zare, a jikin dogon kwarashi sannan a dawo ana sauke su, bana na koya. Na yi ɗan bargon jariri ya yi kyau, sai na ce bari in gwada suwaita wadda ake farawa daga wuya a gangaro ƙasa, babu ɗinki. Kwarashi mai baki biyu nake amfani da shi, milimita 5, da ulu dunƙule biyu.

Na yi sarƙa 70, na haɗa ta zobe, na saƙa layi takwas. Da na zo gwadawa sai ta tsaya min a goshi kamar hula. Na warware na yi 100. Kai ya shiga, amma wuyan ya zame har kafaɗa, ƙasan kuma ya yi ta tattarewa. A karo na uku sai da na yi nisa na ga sarƙar ta murɗe tun daga wurin haɗi. Ulun har ya fara gashi saboda warwara.

Ido nawa ya kamata in fara da shi? Akwai wata hanyar farawa ban da sarƙa? Kuma yaya ake raba idanun tsakanin gaba da baya da hannaye?

Anti Mai Kwarashi:
Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da fama. Babu wadda za ta iya ce miki "yi kaza" ba tare da ta san awon hannunki ba, domin 70 ɗina ba 70 ɗinki ba ne. Me aka rubuta a takardar ulun game da girman kwarashi? Kin yi ƙyallen gwaji?

Sabuwar Shiga:
Anti, 5 aka rubuta, shi ya sa na ɗauki 5. Ƙyallen gwaji kuwa, gaskiya ban yi ba.

Anti Mai Kwarashi:
To ga farkon matsalar. Lambar takardar ta kwarashin yau da kullum ce ko ta tsinken saƙa. Saƙar Tunisiya tana da kauri da tauri, don haka ana ƙara girman kwarashi da milimita ɗaya zuwa biyu. Ɗauki 6 ko 6.5. Ki saƙa ƙyalle mai faɗin santimita 15, ki wanke shi yadda za ki riƙa wanke rigar, ki shimfiɗa ya bushe, sannan ki ɗora tef a tsakiyarsa ki ƙirga ido nawa ne a santimita 10, layi nawa ne kuma a santimita 10. Kada ki auna a gefe, gefe ƙarya yake yi. Ki auna min zagayen kanki, da ƙirjinki, da tsawon daga gindin wuya zuwa hammata.

Maman Biyu:
Kafin ta dawo da awo, bari in yi magana a kan sarƙar, don nan na fi shan wuya. Sarƙa ba ta miƙewa. Ko da jikin saƙar yana da ɗan sassauci, layin farkon nan kamar igiya yake. Kan babban mutum yana kaiwa wajen santimita 55 zuwa 58, wuyan riga kuma ana so ya kwanta bai kai haka ba, to dole bakin ya buɗe ya wuce kai sannan ya koma.

Abin da nake yi shi ne tushe marar sarƙa, da kwarashin yau da kullum. Ki yi sarƙa biyu, ki soka a ta farko ki jawo zare, idanu biyu ke nan a kan kwarashi. Ki naɗa zare ki fitar ta ido ɗaya kawai. Wannan ita ce sarƙar ƙasa, ki danne ta da babban yatsa don kada ta ɓace miki. Ki sake naɗawa ki fitar ta biyun. Ido ɗaya ya samu. Na gaba sai ki soka a cikin waccan da kika danne, ki maimaita. In kin kai adadin da kike so, ki ja shi da hannu biyu ki gani, yana tafiya yana dawowa. Daga samansa sai ki fara ɗiban idanu da kwarashin Tunisiya.

In wannan ya yi miki wuya a yanzu, ki yi sarƙar da kwarashin da ya fi na aikin girma, ki kuma ɗebi idanun ta ƙusumbin bayan sarƙar. Bakin zai fito tsaf, amma miƙewarsa ba za ta kai ta tushe marar sarƙa ba.

Yayar Kowa:
Ni da tsinke na fara saƙa, don haka irin farawar saƙar tsinke nake yi a kan kwarashin kai tsaye, irin wanda ake barin dogon wutsiyar zare a rataya a babban yatsa da manuni. Ki bar wutsiya ninki uku na faɗin wuyan, ki ƙara kaɗan. Idanun suna hawa kan kwarashi a shirye, sai dawowa kawai. Sai dai a mai baki biyu duka ba za su hau lokaci guda ba, sai kin jera wasu, kin juya kin sauke da ɗaya zaren, kin juyo kin ci gaba. Ga sabon hannu yana da rikici.

Sabuwar Shiga:
Na gode ƙwarai. Na yi gwajin da 6. Ido 16 da layi 14 a santimita 10. Kaina santimita 56, ƙirji ina so rigar ta kai 100, daga wuya zuwa hammata 20.

Anti Mai Kwarashi:
Yawwa, yanzu aka zo wurin. Ko da wannan awon, 70 bai kai santimita 44 ba, balle da 5 da kika matse shi. Ɗari kuma ya haura 62, shi ya sa ya sauka kafaɗa.

Ki fara da 88, wato santimita 55. Da tushen Maman Biyu zai wuce kanki ba tare da kokawa ba. Ki ware ido 4, su ne layukan da za su sauko a karkace daga wuya zuwa hammata, gaba biyu, baya biyu. Ki maƙala wa kowanne alama, ko guntun zare mai wani launi ya isa. Saura 84: baya 30, gaba 30, kowane hannu 12. Jerin zai zama 30, alama, 12, alama, 30, alama, 12, alama.

Ana ƙara ido ɗaya kafin kowace alama da ɗaya bayanta, ido 8 ke nan a layin da aka yi ƙari. Hanya mai sauƙi ita ce ki soka kwarashi a tsakanin sanduna biyu na tsaye, wato zaren da ke tsaye a fuskar kowane ido, ki jawo zare. Tana barin ɗan huji, wasu ma ado suke ɗaukarsa. In ba kya son hujin, ki soka ta zaren kwance da ke sama a tsakanin sandunan.

Tattarewar da kika gani kuwa, ƙarin ne ya fi tsawon sauri. A nan awon layi yake aiki, kuma shi mutane suka fi rainawa. Ƙirji 100 ido 160 ne, gaba 80, baya 80. A kowace hammata za ki ƙara sababbi 8 lokacin raba hannaye, idanun alamar nan huɗu kuma jiki za su koma. Sai ya zama 30 ɗin nan tana bukatar kaiwa 70, ƙarin 40, wato layin ƙari 20. Amma tsawon santimita 20 layi 28 ne a hannunki. To ki yi ƙari a kowane layi sau 12, sannan ki riƙa tsallake ɗaya a sauran 16, wanda zai ba ki 8. An samu 20 a cikin 28. Kowane hannu zai tashi da 52, da 8 na hammata 60, santimita 37 da rabi. Ki zagaya tef a damtsenki ki ga ko ya yi.

Maman Biyu:
Maganar murɗewa: kada ki haɗa zobe a layin farko. Ki saƙa layi ɗaya ko biyu a miƙe, ki shimfiɗa a kan tebur, sandunan duk suna kallon waje, sannan ki haɗa. Ɗan gibin da ya rage ki rufe shi da wutsiyar zare da allura a ƙarshe, ki sa ya faɗo a bayan kafaɗa.

Hajiya Babba:
Ku yi haƙuri, ni ban yarda a fara da bakin tsirara ba. Kwalar nake fara yi. Ina saƙa siririn ɗamara a kwance da ƙaramin kwarashi, gajeren ido (irin na tushen Maman Biyu) ta madaukin baya kawai, faɗin yatsa biyu. Ina yi ina zagaya ta a kai, da zarar ta wuce kunne da ɗan ja sai in haɗa. A gefenta nake ɗiban idanun. Kin ga tun ranar farko na san za ta shiga, kuma nauyin kwalar yana hana bakin nan nannaɗewa, halin saƙar Tunisiya da kowa ya sani.

Anti Mai Kwarashi:
Hajiya, hanyarki tana aiki, na gani. Abin da ya sa nake barin kwala ƙarshe shi ne nauyi. Rigar Tunisiya ta fi ta tsinke cin ulu, in ta yi tsawo tana jan wuya ƙasa, ya buɗe fiye da yadda aka auna. In kwalar ce ƙarshe, sai in sa rigar in ga nawa ya buɗe, in tsuke shi da ƙaramin kwarashi. In ta lalace ita kaɗai zan warware. A naki kuwa rigar gaba ɗaya a jikin kwalar take rataye.

Hajiya Babba:
In ta saki ina bin cikin wuyan ta baya da layin zamiya ɗaya, wato a soka a jawo zare a zarce da shi ta idon da ke kan kwarashi, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ya riƙe ta. Kowa da hannunsa dai.

Yayar Kowa:
Akwai abin da ba a taɓo ba. In gaba da baya tsawonsu ɗaya, rigar za ta riƙa shaƙe ki ta maƙogwaro tana zamewa ta ƙeya. Kafin ki haɗa zobe ki yi gajerun layuka uku ko huɗu a kan baya da hannaye kawai, kowane layi ki ɗan ƙara cin idanun gaba ta gefe biyu. A Tunisiya ba ya da wahala tunda a saƙar miƙe ba a juya aiki, inda kika tsaya daga nan za ki dawo. Ki ƙirga su daban, don ba su taɓa tsakiyar gaba ba.

Sabuwar Shiga:
Allah Ya saka muku da alheri. Na yi tushen Maman Biyu, 88, na bi rabon Anti. Sau biyu na ɓata kafin yatsana ya gane sarƙar da ake dannewa. Yanzu ina layi na goma, na sa ta, ta wuce kai ta kwanta a kafaɗa, babu tattara. Bakin yana nannaɗewa waje sosai, na danne shi da fil. Gajerun layukan Yaya ban yi su ba, tsoro ya hana ni, ga shi kuwa gaban yana ɗan taɓa min maƙogwaro. In warware ko in ci gaba?

Anti Mai Kwarashi:
Nannaɗewar ce take tura shi sama. Ki jiƙa abin da kika saƙa, ki shimfiɗa ya bushe, ki sake sawa. In har yanzu yana taɓawa ki warware, layi goma ne. In ya kwanta ki ci gaba, idan an zo kwala sai mu ɗaga bayan.