Kebul biyu daga saba zuwa suwic, gudu bai ƙaru ba kuma layi na yankewa

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna da sabar ajiyar fayil a ofis, Ubuntu ce a kanta, da katin netwok biyu masu gigabit ɗaya-ɗaya. Na haɗe su suka zama kati ɗaya mai suna bond0 a kan 802.3ad, wato LACP, tsarin da saba da suwic ke tattaunawa su haɗe kebul biyu su zama layi ɗaya, na kai kebul biyun kan suwic ɗinmu Cisco 2960, na sa fot biyun a channel-group ɗaya. Fitilu duk kore ne. Amma in na kwafo babban fayil zuwa kwamfutata, gudun ba ya wuce megabait 110 da 'yan kai a daƙiƙa, wato abin da kebul ɗaya ke bayarwa. Sannan da hantsi, idan ma'aikata sun cika, sai wasu su ce faifan ya ɓace musu, can kuma ya dawo. Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya taimaka mana.

Injiniyan Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam, matsala biyu ka kawo, kuma ta farkon ba lalacewa ba ce, haka tsarin yake. LACP ba ya raba kwafin fayil ɗaya tsakanin kebul biyu. Yana duba adireshin mai aikawa da na mai karɓa, ya yi lissafi, ya ɗora wannan hirar a kan kebul ɗaya har ta ƙare, don kada fakiti su iso a hargitse. Titi ne mai hannu biyu, mota ɗaya ba ta bin hannu biyu a lokaci guda. Ga shi kuma kwamfutarka ita kanta a fot na gigabit ɗaya take, to ta ina gigabit 2 zai shigo mata?

Inda na sha fama shi ne wata sabar ajiya da duk masu amfani da ita ke bayan rauta. Linux in ba ka taɓa komai ba, xmit_hash_policy, saitin da ke zaɓar kebul ɗin da kaya za su bi, yana kan layer2, adireshin MAC, wato lambar katin netwok, kawai yake kallo. Ita kuwa saba MAC ɗaya take gani, na rautar. Duk mutanen ginin sai aka tara su a kebul ɗaya, ɗayan yana zaune ba aikin fari ba na baƙi. Da na mayar da shi layer3+4, mai kallon adireshin IP da lambar fot ta kowace hira, sai kaya suka rabu. Amma ka tuna, wannan abin da saba ke fitarwa kaɗai ya shafa. Abin da ke shigo mata suwic ne ke yanke hukunci, kuma yawancin 2960 a kan src-mac suke zuwa, wato MAC ɗin mai aikawa kawai suke kallo. Duba da show etherchannel load-balance. In za ka gwada, ka kunna iperf3, manhajar auna gudu, daga kwamfuta biyu ko uku a tare, kana kallon ƙididdigar kowane kati.

Hajiyar Saba:
Injiniya ya gama da ta farko. Ta biyun ce ta fi damuna, domin ita ce ke taɓa aikin mutane. Baban Ummi, kada ka yarda da koren fitila, ita dai tana nuna akwai wuta a waya. Ka tambayi ɓangarorin biyu kowa ya faɗi abin da yake gani: cat /proc/net/bonding/bond0 a saba, show etherchannel summary a suwic.

An taɓa kira na wata makaranta, rabin kwamfutocin ɗakin karatu suna ganin saba, rabi ba sa gani, kuma kullum waɗanda ba sa ganin su ne dai. Sun canza kebul, sun sake girka Windows a biyu daga ciki, a banza. Da na buɗe fayil ɗin bond0 sai ga Partner Mac Address, inda MAC ɗin suwic ya kamata ya fito, sifili ne reras, 00:00:00:00:00:00, kuma katunan biyu kowanne da Aggregator ID, wato lambar rukuni, nasa daban. Ma'ana saba tana ta aika saƙon LACP ba mai amsa mata. A suwic an rubuta mode on, wanda ke haɗe fot da ƙarfi ba tare da wata tattaunawa ba. Suwic yana watsa kaya a kebul biyu, saba kuwa ɗaya kawai ta ɗauka a matsayin mai aiki, abin da ya biyo ɗayan zubar da shi take yi. Wanda lissafi ya jefa MAC ɗinsa can, ya shiga uku. Na mayar da shi mode active, wanda ke magana da LACP, nan take fot biyun suka nuna P, alamar sun haɗu, ɗakin ya dawo daidai. A kula kuma, in duka ɓangarorin passive ne ba abin da zai haɗu, kowa jiran ɗan'uwansa yake ya fara magana.

Baban Ummi:
Na gode Injiniya, na gode Hajiya. Na duba. Mode active ne, fot biyun suna P, Aggregator ID ɗaya ne, MAC ɗin suwic ma ya fito. Sai dai a ƙarƙashin kati na biyu Link Failure Count ya yi yawa, na farkon kuwa sifili. A show logging ma fot ɗin yana ta sauka yana tashi.

Mai Kirimfa na Sabon Gari:
To yallaɓai, ka bar saitin nan haka, ka je ka kama waya da hannunka. Aikina ke nan kullum, jan kebul da matse kai. Gigabit sai da wayoyi takwas ɗin nan duka, megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi. Shi ya sa kebul da aka matse kansa ba daidai ba zai yi shekaru yana aiki a tsohuwar kwamfuta ba wanda ya sani, ranar da aka sa shi a saba asirinsa ya tonu.

Na ga wani a wani ofis, in ka ɗan taɓa kan sai fitila ta mutu ta dawo. Da na haska toci na duba, wayar ruwan ƙasa ba ta kai ƙarshen kan ba, haƙorin ƙarfen gefenta kawai ya ɗan ciza. Wani lokaci ya tashi a 1000, wani lokaci ya faɗo 100. In ya faɗo, Cisco ya ƙi haɗa shi da ɗan'uwansa saboda gudunsu ya bambanta, ya sa masa ƙaramin s, alamar an dakatar da shi. Duk sauka da tashin nan, mutanen da ke kan wannan kebul ɗin sai sun ji a jikinsu.

Wanda ya fi wannan sharri shi ne kebul da ba ya mutuwa, yana dai lalata fakiti. Shi miimon, mai duba wa Linux ko layi na raye, ba ya ganinsa, don a wurinsa layi na nan. Sai ka duba CRC, ƙididdigar fakitin da suka lalace, a show interfaces, da ethtool -S a saba. Sannan a yi hattara da kebul mai arha da ake sayarwa a kwali, wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe. Kankare shi da reza za ka ga fari. Saba dai a saya mata kebul da aka matse daga masana'anta. Ka musanya kebul biyun tsakanin fot ɗin: in laifin ya bi kebul ka gano shi, in ya tsaya a fot to kati ne ko suwic.

Na Maraɗi:
Sannunku da aiki. Tamu ta zo ne ta hanyar wuta. Aka ɗauke wuta da dare, batirin da ke riƙe da suwic ya riga ya gaji, kafin janareta ya tashi suwic ya mutu ya sake kunnuwa. Da safe netwok ya rikice, saba tana amsawa tana ɗaukewa, suwic kuma yana ta rubuta MACFLAP, wai MAC ɗaya na yawo tsakanin fot biyu. Ashe wanda ya yi aikin tun farko bai adana saitin ba, bai yi copy running-config startup-config ba. Suwic ya tashi bai san da wani port-channel ba, ita kuwa saba tana kan balance-xor, haɗin da ba LACP a ciki, tana ta aikawa ta kebul biyu abinta.

Tun daga nan na daina yarda da haɗin da ba LACP a ciki. Da 802.3ad ne, saba za ta ga ba mai amsa mata, ta koma kebul ɗaya, aiki ya ci gaba ko da a hankali. Ina kuma sa lacp_rate fast. A slow ana aika saƙo duk daƙiƙa 30, sai an rasa uku kafin a cire fot, daƙiƙa 90 ke nan mutane na zaune. A fast daƙiƙa 3 ne.

Ɗan Tudun Wada:
Ni fa ina da ja kaɗan. Ofisoshi da yawa ba gudu suke buƙata ba, so suke kada layi ya yanke. Ga wannan, active-backup ya wadatar, wato kebul ɗaya na aiki ɗayan na jiran ko-ta-kwana, ba ka taɓa suwic ko kaɗan, kuma kana iya kai kebul biyun suwic biyu daban. LACP a suwic biyu ba ya haɗuwa sai in an yi musu stak ko suna da MLAG, ko vPC a Cisco Nexus, hanyoyin da ke sa suwic biyu su zama kamar ɗaya. Na tarar da inda aka raba kebul a suwic biyu da ba su san juna ba, ana ta mamakin me ya sa ɗaya kawai ke aiki.

Masu VMware kuma su lura, vSwitch na gama-gari, wato suwic ɗin manhaja da ke cikin ESXi, tsarin sabar VMware, ba ya jin LACP sam, sai Distributed Switch. A na gama-garin, in dole sai an haɗa, suwic ya zama mode on, ESXi kuma Route based on IP hash. Haka SET, tsarin haɗe kati na Hyper-V da ya zo da Windows Server 2016, shi ma ba ruwansa da LACP. Na ga an sa mode active a gaban ESXi irin wannan, suwic ya jira saƙo bai samu ba, injin ya ɓace daga netwok gaba ɗaya.

Hajiyar Saba:
Gaskiyarka Ɗan Tudun Wada, ga ƙaramin ofis ni ma active-backup nake fara ba da shawara. Amma sabar Baban Ummi mutane da yawa ke ɗiba daga gare ta a lokaci guda, nan LACP yana da amfani, ya bar shi. Baban Ummi, in za ka musanya kebul ɗin, ka bari sai an tashi daga aiki, ka zare ɗaya bayan ɗaya kana ping daga wata kwamfuta. In kuma har za ka taɓa saitin bond0, kada ka yi daga nesa ta SSH a kan layin da kake gyarawa. Ka zauna gaban saba da allo da kibod, ko ka shiga ta iDRAC ko iLO, fot na musamman na sarrafa saba, in tana da shi, kebul ɗin konsol na suwic kuma yana kusa da kai.