Tambaya kan adon bangon Alƙur'ani na da

Ɗalibi daga Aboabo: Assalamu alaikum malamai. Na gaji Alƙur'anin kakana rubutun hannu, warƙoƙinsa ba ɗinki, a cikin jar fata mai harshe da ke naɗowa. Shin wannan tsarin namu ne, ko daga ƙasashen Larabawa ya zo?

Malami daga Asawasi: Wa alaikumus salam ɗana. Harshen nan tsohon abu ne. A Masar, zamanin Mamluk (1250 zuwa 1517), ana buga taurari masu kusurwoyi a kan fata da ƙaramin ƙarfe, a bi wasu layukan da zinariya, harshen kuma ya kare bakin takardu daga ƙura. Kafin nan, a Ƙairawan ta Tunisiya, katako ake lulluɓewa da fata tun ƙarni na 9.

Baduku daga Zangon Kumasi: Malam ya yi gaskiya. Barin warƙoƙi ba ɗinki kuwa al'adarmu ce, domin almajirai su iya rarraba su a karanta, a mayar cikin gafaka. Don Allah kada ka shafa wa fatar mai, zai ratsa takardun.

Ɗalibi: Na gode, Allah ya saka da alheri.