Yaya jirgin sama yake tsayawa a kan titin sauka mai dusar ƙanƙara?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Ƙanena zai tafi karatu Kanada a watan Janairu, kuma hankalin Hajiyarmu ya tashi game da saukar jirgi a lokacin sanyi. Me yake hana jirgi zarce titi idan ya yi santsi?

Tsohon Injiniya: Wa alaikumus salam. Birki kaɗai ba ya wadatarwa. Da zarar tayoyi sun taɓa ƙasa, wasu faifai suna miƙewa a saman fukafukai domin nauyin jirgin ya danne tayoyin, sannan matuƙi ya juya iskar injin zuwa gaba. Ma'aikatan filin jirgin kuma suna ba titin maki daga 0 zuwa 6 gwargwadon santsinsa, kuma da wannan makin ake lissafin ko tsawonsa zai isa.

Bakatsine: Gaskiya ne, Malam. Jinkirin juya iskar injin yana cikin dalilan da suka sa jirgin kamfanin Southwest ya zarce titi a filin jirgin Midway na Shikago da ke Amurka a Disambar 2005, har ya buge wata mota a wajen filin, wani yaro da ke cikinta ya rasu. Bayan haka aka shimfiɗa siminti mai rugujewa a ƙarshen titin domin ya riƙe tayoyi.

Ɗan Daura: Mu ma a nan, ruwan Agusta idan ya kwanta a titi yakan hana taya kama kwalta.