An tattara kayan Kawu a ledar shara kwana ɗaya bayan rasuwarsa: haka ake yi a gidajen tsofaffi na Ingila?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Kawuna ya zo Ingila karatu tun yana saurayi, a nan tsufa ya riske shi, kuma da ciwon mantuwa ya tsananta, ala tilas muka kai shi gidan kula da tsofaffi domin ni da maigidana duk muna fita aiki. Makonni uku da suka wuce Allah ya yi masa rasuwa da asuba. Washegari na je na tarar an zuba kayansa a baƙaƙen ledoji irin na shara, carbinsa da hularsa a cuɗe da takalma, aka kuma tambaye ni yaushe zan kwashe. Ko gaisuwar rashi ban ji daga bakin manajan ba. Shin tsarin ke nan, ko ina da hurumin yin ƙorafi?

Inna Rabi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kawu da rahama, ya ba ku haƙuri. 'Yar'uwa, wannan aikin nake yi tun 2022, kuma abin da aka yi miki kuskure ne. A inda nake, ba ma taɓa komai a ɗakin mamaci sai iyalinsa sun iso, idan kuma sun ce mu haɗa musu, sai mu ninke tufafi mu sa a akwati, tabarau da hotuna a ware daban. Saurin nan na kuɗi ne, domin akwai mai jiran ɗakin. Amma tun 2018 hukumar CMA mai kare haƙƙin masu sayen kaya da ayyuka a Birtaniya ta bayyana cewa gidan zai iya ci gaba da cajin kuɗin ɗaki na kwana 3 bayan rasuwa, ko kuma har a kwashe kaya muddin bai wuce kwana 10 ba, don haka ki duba yarjejeniyar da kuka sa wa hannu. Ki rubuta ƙorafi ga manajan, ki kuma sanar da hukumar CQC mai sa ido kan gidajen. Sai dai ina roƙon ki ware ƙananan ma'aikata, domin sau da yawa wadda ta shekara tana ba shi abinci a baki tana can bayan ƙofa tana kuka, kuma ba a ba ta ko minti goma ta gaishe ki ba.

Malam Baban Sadiƙ:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya, ina ƙara wannan saboda masu iyaye a irin waɗannan gidaje. Daga Satumban 2024, kowace rasuwa a Ingila sai wani likita na daban ko jami'in binciken musabbabin mutuwa ya duba ta kafin a yi rajista, shi ya sa jana'iza kan jinkirta. A rubuta tun da wuri a takardar kulawar tsoho cewa Musulmi ne, ana so a rufe masa ido, a ɗaure haɓarsa, a bar wanka ga mutanen masallaci, a kuma ajiye lambar liman a wurin ma'aikatan dare.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Inna, maganarki ta tuna mini da wata yarinya da ta biyo ni har bakin mota ta miƙo mini ƙaramar rediyonsa, idonta jajir. Gobe zan kai takardar ƙorafin, kuma zan nemi ganinta in yi mata godiya.