Bangon makarantar yara a Hanwa: a zana Tom da Jerry da hannu ko a buga fileks?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu zane. Shawara nake nema kafin in saki kuɗi. Muna da 'yar makarantar rainon yara a Hanwa, Zariya. Bangon gaba faɗinsa ƙafa 20, tsayinsa ƙafa 8, a waje yake, yana fuskantar yamma, rana na dukansa tun daga azahar. Sati biyu ke nan da magini ya gama shafe shi da siminti, ga shi muna tsakiyar Agusta, ruwa kusan kullum. Tom da Jerry yaran suke so. Saura sati uku a dawo hutu, abin da na ware naira dubu 80 ne. A zana da hannu ko a buga fileks, wato ledar talla da ake buga hoto a kai da inji, a kafa? Wanne zai kai shekara biyu bai koɗe ba?

Ɗan Kwangila:
Wa alaikumus salam Hajiya. Sitika za ki yi. Ana buga ta naira 500 kowace ƙafa murabba'i. A goge bango da busasshen tsumma, a ɓare takardar baya kaɗan-kaɗan daga sama, ana bi da katin roba ana korar iska zuwa gefe. Ɗakin yara yini guda ya isa. Amma kada ki turo hoton ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi, in an faɗaɗa sai layuka su fito kamar haƙoran zarto. Ki tura shi a matsayin fayil.

Anti Malama:
Ni dai me ya sa kullum sai Tom da Jerry? Daga duka da kasko sai guduma. Ga Bino da Fino, na gida ne, Adamu Waziri ya ƙirƙiro shi a Abuja, yaya da ƙanwa ne da malam-buɗe-littafinsu Zeena, suna koyar da tarihi da al'adun Afirka. Ga kuma Akili na Ubongo daga Tanzaniya, haruffa da ƙirga yake koyarwa. Bangon makaranta ai allo ne, yaro zai kalle shi kullum safe.

Mai Buroshi:
Ɗan Kwangila, ba ka karanta tambayar ba. Ta ce waje, ta ce sabon shafe. Sitika ba ta kama siminti mai kaushi, gam ɗinta fili mai santsi yake so kamar gilashi ko allon roba. Ruwan farko gefe zai ɗago.

Hajiya, abin da ya fi zaɓin hoto muhimmanci shi ne bangonki bai bushe ba. Sabon shafe yana son sati huɗu, da damina ma ya fi haka. Ki gwada da kanki: ki yanko leda mai faɗin ƙafa ɗaya, ki manna ta da salatif ta kowane gefe a ƙasan bangon, ki bar ta ta kwana. In da safe kin ga raɓa a cikin ledar, ko wurin ya yi duhu, akwai ruwa a ciki.

Bari in ba ki misalin da har yanzu yake min ciwo. Wata makaranta ce ta ɓangaren Tudun Wada, bango kusan irin naki. Aka yi ciniki dubu 120, aka ba da kafin alƙalami dubu 50. Shafen kwana goma, an kuma bi shi da farar hodar gyaran bango irin ta cikin ɗaki don ya yi sumul. Na ce a jira, mai makaranta ya ce ranar yaye ɗalibai ta matso. Na ce a bar ni in sayo fenti, ya ce yana da mutum a kasuwa. Aka kawo bokitin da in ka shafa ya bushe ka goga hannu, sai tafinka ya yi fari kamar ka taɓa alli. A kan wannan aka zana. Saman katangar kuma ba a yi mata hula ba, bulo ne a buɗe, ruwan sama yana shiga ta ramukan yana saukowa ta ciki. Sati shida fenti ya fara kumbura kamar ƙunar wuta. In ka danna da yatsa ruwa ne ke fita. Daga ƙasa kuma kanwa ta fito fara fat har ƙafa biyu, ta cinye ƙafafun Jerry gaba ɗaya. Ciko dubu 70 har yau ba a biya ba, kuma ni ake nunawa da yatsa a unguwa wai aikina ne bai da kyau.

Baban Khalifa:
Allah ya mayar da alheri Malam. Irin wannan ne ya sa wani bango a Sabon Gari, da fenti ya zuba ya bar rabin fuskar Tom, yaran layin suka sa masa suna Kura da Gafiya. Har masu Keke Napep sun mayar da shi kwatance.

Zainab Fensir:
Baban Khalifa ka sa ni dariya, amma yawancin Tom ɗin da ke komawa kura tun daga zane aka ɓata shi, ba daga ruwa ba. Mutane na ɗauko kai daga wani hoto, jiki daga wani, alhali Tom ba iri ɗaya ba ne. William Hanna da Joseph Barbera suka fara shi a 1940, suka yi gajerun fina-finai guda 114 zuwa 1958. A na farkon Tom gashi ne buzu-buzu, ya fi kama da kyanwar gaske, daga baya aka sassauta layukansa. Gene Deitch ya yi 13 a birnin Prague tsakanin 1961 da 1962. Sai Chuck Jones ya yi 34 daga 1963 zuwa 1967, shi ne ya kaurara girar Tom, ya ƙara masa girman kunne, ya ƙara wa Jerry girman ido da kunne. Ki zaɓi zamani ɗaya ki tsaya a kai. Na shekarun 1950 ya fi sauƙi a bango, layukansa a tsabtace suke.

Faɗaɗawa kuma ba da ido ake yi ba. Bangonki 20 ne da 8. A takardar A3 a ja akwati santimita 40 da 16, a raba shi gida-gida na santimita 2, zai ba da gida 20 a kwance, 8 a tsaye. Kowane gida ƙafa ɗaya ne a bango. A ja layukan bangon da igiya da garin alli, kada a yi da tawadar maka, tana hudo fenti ko an shafa sau uku. Abin da ke gida na bakwai a takarda shi za a sa a gida na bakwai a bango. Wanda ke da majigi zai iya haskawa bayan isha'i ya bi layi da alli, minti arba'in ya gama, sai dai majigin ya tsaya daidai tsakiyar bango, in ya karkata kan Tom zai miƙe kamar gwanda.

Launi: Tom ba ruwan toka zalla ba ne, akwai shuɗi a ciki. Farin fenti lita ɗaya, a ɗiga baƙi kaɗan-kaɗan, sannan shuɗi, ana gwadawa a kwali ana bari ya bushe, domin fenti mai ruwa yana ƙara duhu in ya bushe. A haɗa wanda zai isa gaba ɗaya a rufe a roba, haɗi na biyu ba ya taɓa zama daidai da na farko. Idonsa rawaya da kore a tsakiya, baki da tafukan hannu fari, cikin kunne ruwan hoda. Baƙin layin gefe shi ne ƙarshe, da buroshi mai tsini, hannu ɗaya ya ja shi daga farko har ƙarshe.

Ɗan Kwangila:
To in waje ne sai fileks. Ƙafa murabba'i 160 ke nan, a naira 300 ya kama dubu 48. A yi firam da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu na inci ɗaya, a bar tazarar inci biyu tsakaninsa da bango, siminti ya ci gaba da bushewarsa a baya. Kwana biyu an gama.

Abban Samaru:
Naira 300 a ina? Makon jiya 450 aka buga mana a wajen PZ, kuma wannan mai sirara ce. Dubu 72 ke nan tun ba a je wurin mai walda ba. Ƙarfe da walda da fentin firam ba za su gaza dubu 40 ba. Kuɗinta ya ƙare tun a hanya. Kuma fileks mai fuskantar yamma, ja da rawaya ne ke fara tafiya. Shekara ɗaya Jerry zai koma kalar shayi da madara.

Ɗan Kwangila:
Ya danganta da inji da tawada. Wanda ya ce maka 450 ya ga baƙo ne. Har 280 ana yi in aikin ya wuce ƙafa ɗari.

Abban Samaru:
Hajiya, ki zo Sashen Zane-zane na ABU ki nemi ɗaliban aji uku ko huɗu. Biyu za su yi miki a dubu 35 kuɗin hannu. Kaya kuma: galan ɗaya mai lita 4 na fentin share fage mai jure kanwa, galan ɗaya na fenti mai ruwa irin na waje, zai yi shafa biyu a murabba'in mita 15 in an yi tattali, sai ƙananan gwangwanaye na ja, rawaya, shuɗi da baƙi. Sauran launuka duk haɗawa ake yi. Wurin da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 ba za a rasa mai zana kyanwa da ɓera ba.

Mai Buroshi:
Ƙanena, ba wanda ya raina jami'a. Amma zane a kan kyalle cikin ɗaki daban, bangon da ruwan Agusta ke duka daban. Ɗalibi ya san launi, bai san siminti ba. Dubu 35 ɗin nan wa zai dawo gyara in ya kumbura, alhali ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa? Mu da aka riƙe wa dubu 70 a kan laifin bulo mun san inda abin yake. Aikin nan ƙasa da dubu 100 ba na gaskiya ba ne.

Abban Samaru:
Malam, da girmanka, kai ma da ka san siminti ai ka zana a kan shafen kwana goma.

Mai Buroshi:
Na zana bayan na faɗa sau biyu a gaban shaidu. Kuskuren shi ne ba a rubuta ba. Duk mai karɓar aikin bango ya rubuta abu uku a takarda, mai aiki ya sa hannu: ranar da aka yi shafe, wanda ya sayo fenti da irinsa, da ko an yi wa katanga hula. Kuma kashi 70 a hannu kafin a ɗora tsani.

Baba Mai Zanen Mota:
Ku duka yara ne a wannan fagen. Zakin da muke zanawa a bayan babbar mota yana shan rana da ruwa daga nan har Legas, shekaru bai goge ba, domin fenti mai mai ne a kan ƙarfe ko katako da aka goge da samfefa. Hajiya ta sa a yanka mata Tom da Jerry a falankin kwano marar tudu, a shafa jan fentin hana tsatsa, a zana da mai mai, a naɗe bakin kwanon kada ya yanki yaro, a ɗaure a tsayin da ya wuce ƙafa huɗu daga ƙasa. Amma kada wanda ya sa mai mai kai tsaye a kan ɗanyen siminti. Rufe numfashin bango yake yi, ya ɓare kamar ɓawon rogo.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Na manna ledar jiya, da safe na ga raɓa a ciki. Katangar ma ba ta da hula. Ke nan in jira, ko in yi fileks na wucin gadi?

Zainab Fensir:
Anti, in fileks za ki yi, don Allah ki tambayi mai bugawa inda ya samo hoton. Wannan ce matsalar da ke damun masu zane a garin nan. Mutum zai kwana uku yana zana Tom da babbar riga da hula zanna, Jerry da 'yar shara yana satar ƙuli-ƙuli, ya sa a Facebook don masoya su gani. Bayan wata biyu sai ga shi a bangon shagon aski da bayan littafin rubutu, an yanke sa hannun da ke ƙasa a manhajar zane ta CorelDRAW.

Ɗan Kwangila:
Mu abin da kwastoma ya kawo a waya muke bugawa. Kuma Tom ɗin ai na kamfanin Warner Bros. ne, ba na mai zanen ba.

Zainab Fensir:
Tom nasu ne, babu musu. Babbar rigar da aikin kwana ukun fa? Ko sunan mutum a bari. Masu ɗora zane, ku daina sa hannu a kusurwa, nan ake fara yankewa. Ku sa shi a cikin jikin hoton, kan aljihun riga ko cikin jelar Tom, inda in an goge sai an ɓata zanen. Kada ku ɗora wanda ya wuce fiksel 1000 a faɗi. A waya zai fito tsaf, amma in aka ja shi zuwa ƙafa 20 zai farfashe. Babban fayil ɗin ya zauna a wurinku, mai so ya biya.

Abban Samaru:
Fiksel 1000 ba ya hana su yanzu. Bin layin suke yi a kwamfuta su mayar da shi zanen da ake faɗaɗawa ba ya fashewa, awa ɗaya sun gama. Wanda ya ga nasa a bango ya ɗauki hoto da kwanan wata, ya ajiye zanen fensir na farko, shi ne shaidarsa in an je gaban shugabannin masu buga takardu.

Anti Malama:
Zainab, wannan Tom mai babbar riga kina da shi har yanzu? In za ki iya yin Bino da Fino a bakin Ƙofar Doka, ina son girman A3 guda huɗu na aji. Nawa za ki yi kowanne?